Fiffiken sauro da ruwan da ya tashi a ciki: yadda aikina ke tafiya

4 ga Yuni

Na yanke shawarar in riƙa rubuta yadda aikin nan ke tafiya, saboda abokai sun dame ni da tambaya wai me nake yi da robobi cike da tsutsa. Toh fukafukan sauro nake aunawa, musamman Anopheles mai kawo maleriya, so nake in ga yadda ruwan da tsutsar ta tashi a ciki yake taɓa girman fiffike da kuma fasalinsa.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne sauro baya ƙara girma bayan ya fito daga ruwa. Wanda ka gani ƙarami ba yaro ba ne da zai girma gobe, haka zai mutu. Duk cin da zai gina jikinsa ya yi shi ne lokacin da yake tsutsa, ta yi saɓa sau huɗu, ta dunƙule ta daina ci, sannan ya fito da fukafukansa ya shanya su suka bushe, shikenan an rufe. Kenan zafin ruwan, da yawan abincin da ke ciki, da cunkoson 'yan uwa, duk suna nan a jikin fiffiken in ka iya karantawa. Kuma girman ba ado ba ne, yana da alaƙa da yawan ƙwan da macen za ta saka, da ko za ta jure yunwa da bushewar iska, da sau nawa za ta ciji mutum. Ƙwayar maleriya tana buƙatar wajen kwana 10 zuwa 14 a cikin sauro kafin ta iso yawunsa, don haka duk abin da ya taɓa tsawon ran macen ya taɓa mu kai tsaye. Mu kuwa a Najeriya kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya suna nan ne, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Wurare uku na zaɓa. Gonakin shinkafa na wajen Kura da Kadawa da ake ba ruwa daga dam ɗin Tiga, sai ramukan da masu buga bulo suke bari a bakin gari, sai kuma 'yan ƙananan tabkunan ruwan sama na kan hanya, irin sawun taya da sawun shanu. Na ukun sai damina ta zauna tukuna.

21 ga Yuni

Mun je wajen shinkafa. Sai da muka fara gaida mai unguwa, na ce ranka ya daɗe tsutsar sauro muka zo nema ba wani abu ba, ya haɗa mu da wani dattijo mai gona. Da ya ga ina ɗibar ruwa da farin ludayi ina leƙawa sai ya ce ɗana me kake nema haka, na nuna mishi. Ya ce ai sauron nan na gona ya fi na cikin gari ƙiba, kowa ya sani. Na ce Baba abin da na zo tabbatarwa kenan, amma har da dalilinsa nake so.

Rabe tsutsar ba wuya a ido. Ta Anopheles kwanciya take yi shimfiɗe a saman ruwa, ba ta da dogon bututun numfashi, ta Culex, wato wani irin sauron daban, kuwa ratayewa take yi kai ƙasa. Sai ka lallaɓa kar inuwarka ta faɗa kan ruwan, in ta faɗa duk sai su nutse, sai ka tsaya cik ka jira su dawo. A fadamun da aka dasa shinkafa kwanan nan, ruwa a buɗe rana na dukansa, nan ne suke da yawa. Inda shinkafar ta yi tsawo ta rufe ruwan kuwa sai ka yi ta ɗiba ba komai.

Ramukan bulo ruwansu ja ne mai laka, kuma da azahar in ka tsoma hannu za ka ji ɗumi sosai. Ina auna zafin kowane wuri da tamomita safe da rana.

9 ga Yuli

Wannan makon na cire fiffike ne, kuma nan aikin yake da cin rai. Fiffiken macen Anopheles gambiae bai wuce milimita 3 da 'yan kai ba. Na dama kaɗai nake cirewa a kowane sauro don kar a gauraya. Da siririn hantsaki nake kama shi can gindi inda ya haɗu da ƙirji, in aka ja daga tsakiya yagewa yake, sai in ɗora kan gilashi in rufe da wani siririn gilashin don ya kwanta sumul, domin in ya ɗan lanƙwashe hoton zai ba ka fasalin ƙarya.

A ƙarƙashin maikiroskof abin kallo ne wallahi. Jijiyoyin suna tafiya daga gindi zuwa baki, wasu su rabu biyu, kuma a kansu akwai 'yan ɓawo ƙanana jere, wasu baƙaƙe wasu farare, su ne suke ba fiffiken Anopheles ɗigo-ɗigon nan, sannan gefen duk geza ce. Masu tantance jinsi da ɗigon suke aiki, littafin Gillies da De Meillon na 1968 da ƙarin da Gillies da Coetzee suka yi a 1987 har yanzu su ne a kan teburinmu. Ni kuma ɓawon nan cikas ne gare ni don yana rufe daidai inda jijiyoyi suka haɗu, dole in share shi da ɗan burushi mai laushi kafin hoto.

Bayan hoto sai kwamfuta. A manhajar tpsDig nake saka ɗigon awo 18 a kowane fiffike, kowanne a mahaɗar jijiya ko inda jijiya ta ƙare a baki, kuma kullum a jere ɗaya. Daga nan manhajar MorphoJ ta Christian Klingenberg za ta ɗora fukafukan kan juna, ta juya su ta daidaita su ta cire girma gefe guda, abin da ya rage shi ne fasali zalla. Wannan rabuwar ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya, girma daban, fasali daban. Malamina ya ce in saka ɗigon wasu fukafukan sau biyu a ranaku daban, don mu san yawan bambancin da hannuna kaɗai ke jawowa, kuma kar in bari wani ya taya ni, hannu ɗaya zai yi duka.

28 ga Yuli

Damina ta zauna, sawun taya sun cika, na samu tsutsa a wuri na uku. Irin ruwan nan baya daɗewa, kwana kaɗan in ba a sake ruwa ba ya ƙafe, tsutsar tsere take yi da rana.

Sakamakon farko ya fito kuma ya yi daidai da maganar Baba. Matan da suka fito daga ruwan shinkafa fukafukansu sun fi na ramin bulo da na sawun taya tsawo. Maza a ko'ina sun fi mata ƙanƙanta, wannan dama sananne ne. Wani abokin aikina da ya ga zanen sakamakon sai murna, wai mun samo sauro iri biyu daban, a rubuta kawai. Ni gaskiya ban yarda ba, kuma mun ɗan ja da shi. Abin da muka gani yana iya zama gado, yana iya zama ruwa kawai, kuma daga sauron da aka kwaso a daji ba yadda za a yi ka rabe biyun. Ga kuma wata matsalar, abin da muke kira gambiae ba jinsi ɗaya ba ne, akwai gambiae ɗin kansa, akwai coluzzii, akwai arabiensis, a ido duk ɗaya suke. Coluzzii ma sai a 2013 aka ba shi suna, da can M ake ce mishi, gambiae kuma S. An san coluzzii ya fi son ruwa mai daɗewa irin na shinkafa, gambiae kuma ya fi son na ruwan sama mai saurin ƙafewa, arabiensis ya fi jure busasshen wuri. Toh ka ga in ban yi hankali ba zan ɗauki bambancin jinsi in ce na muhalli ne, ko akasin haka. Kowane sauro da na cire wa fiffike na ajiye gangar jikinsa a ɗan bututu mai lamba ɗaya da ta fiffiken, za a yi musu PCR, wato gwajin ƙwayoyin gado da ke gano jinsin kowanne.

20 ga Agusta

Yau ranar sauro ta duniya, ranar da Ronald Ross ya ga ƙwayar maleriya a cikin sauro a Secunderabad ta Indiya a 1897. Shi ma da fiffike ya siffanta sauron, mai ɗigo-ɗigo ya ce.

Na fara gwajin da zai raba gardama. Da asuba muke shiga ɗakuna da izinin masu gida, mu zuƙo matan da suka sha jini suka lafe a bango da bayan kaya, kowacce a saka ta ita kaɗai a ɗan bututu da jiƙaƙƙiyar takarda har ta saka ƙwai. Sai in raba 'ya'yan uwa ɗaya gida huɗu. Wasu a ɗaki mai sanyi, wasu a mai ɗumi, kuma a kowane ɗaki roba ɗaya mai tsutsa kaɗan, ɗaya mai cunkoso, amma abincin kifin da nake barbaɗawa awo ɗaya ne ga kowace roba. Uwa ɗaya ce, don haka in bambanci ya fito ba za a ce daga gado ba ne.

Babban abin da nake tsoro wuta. In ta ɗauke da rana ɗakin sanyin ya tashi daga aiki, kuma zafi ba wasa ba ne ga tsutsa, binciken Bayoh da Lindsay na 2003 ya nuna in ruwa ya tsaya sama da digiri 34 ba sauron da ke fitowa, haka in ya yi ƙasa da 18. A kududdufi suna tsira ne saboda dare yana sanyaya ruwan. Na tanadi jiƙaƙƙun buhuna da randa, in wuta ta tafi a lulluɓe robobin.

13 ga Satumba

Sun fito. Na ɗakin ɗumi su suka riga fitowa kuma su ne ƙanana. Na ɗakin sanyi sun ɗauki lokaci amma fukafukansu dogaye. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce a ƙwari, zafi yana gaggauta matakan girma fiye da yadda yake ƙara cin abinci, sai tsutsa ta kai ƙarshe tun ba ta tara jiki ba. Na robar cunkoso kuwa sun haɗa biyu, sun daɗe kuma sun fito ƙanana, wasu ma sun mutu a hanya. Da na jera fiffiken 'yan uwa biyu uwa ɗaya a gilashi ɗaya, ɗaya daga sanyi da yalwa ɗaya daga ɗumi da cunkoso, ko ba awo za ka ga bambanci da idonka. Kamar gero ne iri ɗaya, wani aka shuka a gona mai taki wani a tsandauri.

Na kira abokin nawa ya leƙa, ya yi shiru sannan ya ce toh ai wannan ya kai bambancin da muka gani tsakanin shinkafa da ramin bulo. Haka ne kuwa.

Kar a ɗauka ƙaramin sauro alheri ne. Lyimo da Takken a Tanzaniya sun nuna a 1993 cewa ƙananan matan gambiae sukan buƙaci shan jini fiye da sau ɗaya kafin su iya yin ƙwan farko, don sun fito ba ajiya a jiki. Ƙarin cizo kenan tun suna sababbi. Manyan kuma sun fi ƙwai kuma sun fi jurewa. Wanne ya fi haɗari ya danganta da wuri da lokaci, shi ya sa ba na son jin ana yanke hukunci da baki ɗaya.

6 ga Oktoba

PCR ya dawo. A shinkafa coluzzii ne ya fi yawa, a sawun taya an samu gauraye, kuma arabiensis yana leƙowa nan da can. Na sake raba fukafukan jinsi-jinsi na sake lissafi.

Ga inda nake yanzu. Girma yana bin ruwa sosai, ko a cikin jinsi ɗaya. Fasali kuwa yana da taurin kai. Ya ɗan motsa tsakanin ɗakin sanyi da na ɗumi, musamman ɗigogin awon da ke tsakiyar fiffike inda gajerun jijiyoyi suka gitta, amma da na cire ɓangaren da girma yake ja, domin ƙaramin fiffike ba kawai babba ne da aka rage ba, yana da ɗan nasa zubin, sai yawancin motsin ya tafi. Abin da ya saura kaɗan ne. Tsakanin jinsi kuma akwai bambancin fasali amma suna shiga juna, ba zan iya ɗaukar fiffike ɗaya in rantse cewa na coluzzii ne ba.

Ina ganin akwai dalilin da fasali baya sakewa da sauƙi. Sauro yana kaɗa fiffike ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, kuma kaɗawar gajeriya ce, kusurwar wajen digiri 40 kacal kamar yadda Bomphrey da abokansa suka nuna a 2017, ƙasa da duk wasu ƙwarin da aka auna. Ga kuma kukan da yake yi, wanda da shi namiji ke gane mace. A wani irin sauron, Aedes aegypti, mace tana wajen 400 a daƙiƙa namiji wajen 600, kuma an nuna a 2009 cewa suna daidaita sautinsu su haɗu a 1200 kafin barbara. Abu mai wannan aikin ba zai riƙa canja zubi don ruwa ya ɗan yi ɗumi ba. Wannan tunanina ne dai, gwajina bai auna shi ba.

29 ga Oktoba

Makon karatu, ba zuwa gona. Malam ya turo ni in duba abin da aka yi a wasu ƙwarin, kuma na ji daɗin hakan.

Tsando, mai kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane, nasa ya bambanta da sauro don tsutsarsa a cikin uwa take girma, ɗaya bayan ɗaya, tana shan wani abu kamar nono. Kenan girman fiffiken tsando labarin halin da uwar ta shiga ne, in zafi ya tsananta ko jini ya yi mata wuya sai ta haifi ƙarami. A Senegal, yankin Niayes kusa da Dakar, Solano da abokan aikinsa sun haɗa gwajin ƙwayoyin gado da awon fiffike a 2010 suka nuna tsandon wurin a ware yake daga na kudu, kuma a kan haka aka zaɓi a kawar da shi gaba ɗaya ta hanyar sakin mazan da aka mayar ba sa haihuwa. Abin lura shi ne ba su dogara da fiffike shi kaɗai ba. A Kudancin Amurka kuma akwai ƙwaron Triatoma mai kawo cutar Chagas, Jean-Pierre Dujardin da wasu sun ga cewa waɗanda suka koma zaman cikin gidaje sukan ƙanƙance, kuma tazarar girma tsakanin mace da namiji tana raguwa. Ana amfani da irin wannan awon a gano ko ƙwarin da suka dawo bayan feshi ragowar na gida ne ko daga daji suka shigo.

Abin da yake ja na ga hanyar nan shi ne araha. Maikiroskof, kyamara, da manhajoji na kyauta. Lab ɗin da ba shi da kuɗin PCR kullum zai iya yi. Amma arahar ce kuma haɗarinta, don zane mai kyau yana fitowa ko da tambayar ba a tsara ta daidai ba.

24 ga Nuwamba

Sawun taya sun bushe tuni, ramukan bulo saura laka. Inda ake noman rani kaɗai nake samun tsutsa. Ruwan da safe sanyi ƙarara, kuma matan da suke fitowa yanzu fukafukansu sun fi na damina tsawo, daidai da abin da ɗakin sanyi ya nuna.

Wannan ya kai ni ga tambayar da ta daɗe tana damun masu aikin sauro a Sahel, wato ina suke zuwa da rani inda ba ruwa ko kaɗan na watanni. A Mali ƙungiyar Tovi Lehmann ta saka wa sauro alama a ƙarshen damina, suka sake kama mace ɗaya da ranta bayan wata bakwai, an buga a 2010. A 2019 kuma suka buga a mujallar Nature cewa sun kama Anopheles da raga mai danƙo da aka ɗaura a balan-balan, daga mita 40 har zuwa 290 a sama, yawancinsu mata da suka riga suka sha jini, kuma iska na iya kai su har kilomita 300 a dare ɗaya. Toh in haka ne, macen da na zuƙo a bangon wani ɗaki a Kura ba lallai a gonar da ke bayan gidan ta tashi ba. Shi ya sa daga yanzu na raba rijista biyu, waɗanda na san ruwansu don ni na ɗebo su suna tsutsa, da waɗanda aka kama manya.

12 ga Janairu

Hunturu ya kankama. Tsutsa a lab ta rage sauri sosai, auduga mai ruwan suga tana bushewa kafin yamma, sai na riƙa ɗora jiƙaƙƙen tawul a kan kejin.

Malam ya amince da mataki na gaba. Zan ajiye zuriyar shinkafa da ta ramin bulo a ɗaki ɗaya, abinci ɗaya, zafi ɗaya, har zuwa jikoki, don ko halin da uwa ta shiga yana iya bin ƙwai zuwa 'ya'ya. In ɗan bambancin fasalin da ya saura ya tsaya har jikoki, sai mu fara maganar gado. Zan kuma fara cire fiffiken hagu a wasu, a ga ko cunkoso yana sa dama da hagu su saɓa.

Na ƙara wuri na huɗu, tankunan siminti da durom na ajiyar ruwa a cikin gari. Dalili shi ne Anopheles stephensi, sauron Asiya da aka fara gani a Djibouti a 2012, aka kuma same shi a jihar Gombe a 2020. Shi a irin waɗannan ma'ajiyan ruwa yake haihuwa, kuma ruwan tanki baya ƙafewa da rani, zafinsa ma baya hawa da sauka kamar na kududdufi. Duk tsutsar Anopheles da na samu a tanki zan raine ta daban, in duba ɗigon fiffike da na ƙafa, in ajiye jikin don PCR. Gobe in Allah ya kai mu zan fara da wuraren buga bulo na zamani da wuraren wankin mota, na riga na yi magana da shugabannin ƙungiyarsu sun ce in zo da safe kafin a fara ɗibar ruwa.